Kafin Ki Taka Ƙofar Gidan Mutane

Karu, Abuja
Asabar da hantsi

Zuwa ga Autata Nafisa, sabuwar hafsar 'yan sanda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, sannan in ƙara miki da gaisuwar ƙaramin ma'aikaci ga na gaba da shi, tunda yanzu al'amari ya juya. Allah Ya tsare min ke a hanyar da za ki kama jibi Litinin, Ya tsare motar da direbanta tun daga tashar Utako har jihar da aka tura ki, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronSa.

Kai, Auta! Wallahi har yanzu ban dawo hayyacina ba. Ranar faretin yaye ku, da na hango ki a sahu, anini ɗaya yana ƙyalli a kafaɗarki, ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa ba. Babanki yana jan gefen mayafina yana cewa, "Hajiya, a zauna mana, mutane suna kallo." Na ce su kalla, ai don a kalla aka yi faretin! Shekara talatin da biyar na yi cikin kaki, na fita da muƙamin sufeto, ke kuwa ranar farko kin haye kaina. Da a ofis muka haɗu, ni ce zan ƙame in sara miki in ce, "Ranki ya daɗe, oga." Yarinyar da nake bi da bulala saboda ta ƙi wanke kwano! Na yi dariya, na yi kuka, na sake yin dariya, har matar da ke kusa da ni ta miƙo min ruwa.

To me ya sa nake rubuta miki takarda alhali ɗaki ɗaya ne tsakaninmu? Gidan cike yake da baƙi, ko'ina na juya sai wata gwaggo ta riƙe ni da barka. Kuma maganar da zan yi, idan ina kallon idonki ba za ta fito ba.

Shekaranjiya wajen walima ina rabon abinci na ji ki kina ba ƙawayenki labari. Kika nuna takardar yabon nan da ke rataye a falo cikin gilashi, kika ce, "Ummana ba ta jiran wata takarda. Rana ɗaya ta kutsa gidan ɓarayi ta ƙwato waya arba'in. Saboda ita na shiga aikin nan." Suka tafa, ni ma na yi dariya. Auta, waya shida ce, ba arba'in ba. A bakin dangi ta yi ta hayayyafa, ni kuma na yi shiru don labarin yana min daɗi. Kuma ba gidan ɓarayi ba ne. Ɗakin Baba Bitrus ne, mai kifin nan na Kado da yake ƙara miki gyara tun kina 'yar mitsitsiya.

Ina tsoron idan kin gama karanta wannan ba za ki ƙara kallona da idon da kika kalle ni shekaranjiya ba. Na auna, na ga gara in rasa wannan kallon da ki tafi jihar mutane kina ɗauke da labarin nan a matsayin abin koyi.

Kina aji ɗaya na firamare lokacin, ni kuma ina sajan a sashen bincike na wani caji ofis. Aka fasa wani shagon waya a kasuwar Utako, aka miƙo min fayil. Mako biyu ina yawo ban samu ko ƙurar ɓarayin ba, oganmu kullum sai ya tambaye ni ina aka kwana. Wata Juma'a wajen sha biyu, wani kofur da muke kira Dogo ya shigo da sauri ya ce mai kawo masa rahoto ya tabbatar kayan suna wani gidan haya a bayan Kado, a ɗakin wani mai sayar da kifi. Na tashi a guje sai ofishin oga. Mutumin nan, Allah Ya jiƙansa, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Sajan, rubuta abin da kika ji. Ki je gaban majistare ki rantse a kai, ki karɓo waranti, sannan ku tafi."

Na ce to, na sara, na fito. A bakin ƙofa Dogo ya tare ni ya ce, "Madam, yau fa Juma'a. Kafin ki samu majistare an kwashe kayan, Litinin sai dai mu tarar da ɗaki wayam." Jinina yana tafasa, ina hango kaina ina ajiye wayoyin a teburin oga. Na ce a tada mota. Kotun ba ta da nisa. Da na ajiye mutum biyu cikin farin kaya su sa ido a ƙofar gidan, na je na dawo, awa biyu ta ishe ni. Ban je ba.

Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. A lokacin na ɗauki waranti, wato takardar izinin bincike da kotu ke bayarwa, a matsayin ɓata lokaci da masu biro suka ƙirƙiro don su wahalar da masu aiki. Sai daga baya na gane amfaninsa. Ke da kike bin fayil, kanki ya ɗau zafi, kowa ɓarawo ne a idonki. Shi ya sa doka ta ce ki kai dalilinki gaban wanda kansa bai ɗau zafi ba, ki faɗi wane gida, me kike nema a ciki, me ya sa kike zaton yana can, ki rantse. Da na tsaya gaban majistare ranar, tambayar farko da zai min ita ce wa ya ga kayan da idonsa. Ni ban gani ba, Dogo bai ce ya gani ba, mai rahoton ma ko sunansa ban sani ba. Da a nan maganar ta tsaya. Don haka duk ranar da za ki shiga gidan mutum ko shagonsa ko ofishinsa neman kayan shaida, ki riƙo takardar nan a hannunki. Kada wani ya ruɗe ki da cewa yau Juma'a ce ko gobe hutu, waranti ana bayar da shi kuma ana aiki da shi kowace rana, har Lahadi.

Na san za ki ce, "Haba Umma, ai duk an koya mana wannan a makaranta, har jarrabawa na ci." Na sani, 'yar boko. Ni ma an koya min, na kuma ci. Amma bari tsohuwar sufeto ta maimaita miki da bakinta, don akwai wuraren da doka ta sakar miki hannu, kuma nan ne mutanenmu suke fakewa su yi abin da suka ga dama. Idan kin kama mutum bisa ƙa'ida, kina iya laluba jikinsa da abin da yake riƙe da shi ba sai kin je kotu ba, sai dai mace, mace ce ke laluba ta, cikin mutunci. Idan wanda kike da ikon kamawa ya ruga ya faɗa wani gida, kina iya bin sa ki fito da shi bayan kin faɗi ko ke wace ce kin nemi a buɗe miki. Amma mutum kika shiga nema, wannan bai ba ki izinin ɗaga katifu da buɗe tukwanen matar gida ba. A kan hanya kuma kina iya tsayar da mutum ko mota ki duba idan kina da ƙwaƙƙwaran dalilin da za ki iya faɗa a gaban alƙali ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Askin saurayi ko yagaggen wandonsa ko tsadar wayarsa ba dalili ba ne, ki ji ni da kyau. Sai kuma idan mai gida da kansa ya ce bismilla ku shigo ku duba. Ko wannan ma ki yi hattara, wanda ya buɗe ƙofa ya ga bindiga huɗu ba yarda ya yi ba, tsoro ya ji. Ki sa ya rubuta, ya sa hannu a gaban shaidu.

Ranar nan babu ko ɗaya cikin waɗannan. Ba mu biyo kowa ba, ba wanda ransa ke cikin haɗari, ba wanda ya gayyace mu.

Muka isa wajen ƙarfe ɗaya, ana ƙwalla rana. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Baba Bitrus, lokacin da sauran ƙarfinsa, yana kwance da zazzaɓi shi ya sa bai fita kasuwa ba. Ya fito da zane a kafaɗa yana rawar sanyi, ya gaishe mu da ladabi. Da na faɗa masa abin da ya kawo mu, ya ce, "Madam, ba damuwa. Amma ina takarda?"

Na bugi ƙirjina na ce, "Kakin nan shi ne takarda."

Har yau idan na tuna wannan maganar sai in ji kamar in nutse.

Akwai wani dattijo a ɗakin da ke kusa, ashe tsohon masinjan kotu ne. Ya taso da sandarsa ya ce, "Sajan, yi haƙuri 'yata. Ko da takarda ko babu, ku tsaya a laluba ku tukuna kafin ku shiga. Haka ake yi."

Kin san al'adar aikin, an nuna muku. Kafin mai bincike ya taka ɗakin mutum, yakan tsaya a ƙofa ya ɗaga hannuwansa, ya zazzage aljihunsa, mai gida ya shafa jikinsa ya tabbatar bai shigo da komai ba. Idan 'yar sanda ce, matar gida ce ke laluba ta. Abin minti biyu ne. Amma ni a ranar sai na ji kamar an zage ni. Na ce, "Ni za a laluba? Ni da na zo neman ɓarawo?" Na tsaya ina ta zazzaga wa dattijon nan masifa, ina ce masa idan bai koma ɗakinsa ba da shi za mu tafi. Maƙwabta da suka fara taruwa na sa aka kore su. Ina cikin wannan Dogo ya raɓa ta gefena ya shige ɗakin shi kaɗai. Yana sanye da wata ƙatuwar rigar ruwa a kan kakinsa.

Saratu, matar Baba Bitrus, tana ciki tana wa jaririyarta wanka, ɗaurin ƙirji kawai gare ta. Ba wanda ya yi mata sallama, ba wanda ya ce ta kimtsa. Ni da ya kamata in kare mutuncin matan gida, ina waje ina faɗa da tsoho. Sai ihunta na ji, sannan muryar Dogo: "Ga su nan! Madam, ga su!" Na shiga na same shi durƙushe a gefen gado, riƙe da baƙar leda, waya shida sababbi a ciki.

Baba Bitrus ya dafa bango ya ce, "Allah Ya sani, ban taɓa ganin wannan leda ba." Na ce duk haka kuke faɗa.

Auta, ki ɗaga hannu a laluba ki. Anininki ba zai faɗi ba. Ke za ki fara, sannan duk wanda ke tare da ke, ɗaya bayan ɗaya, komai daɗewarku tare, ko da abinci kuke ci a kwano ɗaya. Wanda ya ce shi ba za a taɓa shi ba, ya jira a mota. Ki karanta wa mai gida warantin, ki bar shi ya gani da idonsa. Ki kira mutum biyu su tsaya shaida, kada ki kori maƙwabta kamar yadda na yi, su ne za su wanke ki gobe. Idan akwai mace a ciki, musamman wadda ba ta fita gaban maza, a sanar da ita, a ba ta lokaci ta suturta ta koma gefe. Sannan a shiga tare, mai gida yana kallon kowane hannu. Kada wani ya riga wani.

Ban tsaya nan ba. Tunda an ga leda, sai muka shiga kwasa. Rediyonsa, wayarsa ta hannu, da wani ƙaramin akwatin ƙarfe da yake ajiye takardunsa, duk muka loda a mota. Saratu tana bin mu da jaririya a hannu tana cewa a bar musu akwatin, ba komai ciki sai takardu. Ban rubuta ko abu ɗaya ba. Ƙa'ida ita ce a zauna nan take a jera duk abin da aka ɗauka a takarda, da inda aka same shi, shaidu su sa hannu, a ba mai gida kwafinsa. Na ce sai mun koma ofis. Tsakanin gidan da ɗakin ajiyar kayan shaida, akwatin nan ya yi ɓatan dabo, kuma tunda ba a rubuta shi ba, a hukumance ba a taɓa ɗaukar sa ba. Takardar rumfarsa ta kasuwa tana ciki. Abin da waranti ya ambata shi ake ɗauka, sai fa wani abin laifi da kika ci karo da shi a fili. Sauran kayan mutane ki bar musu abinsu.

Da na zauna rubuta rahoto, na rubuta, "Muka samu leda a ƙarƙashin gado." Muka! Ni ina tsakar gida lokacin. Ki kiyayi kalmar nan, ki rubuta abin da idonki ya gani, abin da wani ya gani ki ce wane ne ya ce.

Oga ya yi min faɗa a kan warantin, amma kaya sun fito, maganar ta haura sama, aka kira ni aka ba ni takardar yabo. Babanki ya yanka kaji, ke kika sa hulata kina fareti a tsakar gida. Na ji daɗi ranar, ba zan yi miki ƙarya ba.

Baba Bitrus kuwa ya yi wata bakwai a tsare, don bai samu wanda zai tsaya masa beli ba. Da aka zo shari'a, wata lauya ce ta tsaya masa kyauta, 'yar siririya mai tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa. Na shiga akwatin shaida ina taƙama, na raina ta.

Ta ce, "Sajan, ko za ki nuna wa kotu warantin da kuka shiga da shi?"

Na ce lamarin na gaggawa ne.

"Wani kuka biyo ya shiga ɗakin?"

"A'a."

"An laluba ku kafin ku shiga?"

Na fara kame-kame. Alƙali ya ce in amsa. Na ce a'a.

"Wa ya fara shiga?"

"Kofur."

"Ke kina ina?"

"Ina ƙofa."

"To da idonki kin ga inda aka ciro ledar?"

Na ce ban gani ba. Ta ce ta gode, ta zauna. Ko minti goma ba a yi ba.

Kada ki ɗauka duk hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba kotu watsar da ita take yi kai tsaye. Alƙali yakan auna, yana iya karɓa, yana iya ƙi. Wannan ne ma yake sa wasunmu sakaci, suna cewa ai za a karɓa. Namu alƙalin ya karɓi wayoyin, amma ya ce ba wanda ya iya gamsar da shi yadda suka shiga ɗakin, ya sallami Baba Bitrus. Na fito ina huci. Shekara biyu ina faɗa wa duk wanda zai saurara cewa lauyoyi sun kuɓutar da ɓarawo.

Wata rana ina cin abinci a ofis aka shigo da labari: an kori Dogo daga aiki. An kama shi a wani shingen hanya yana jefa ƙunshi a but ɗin motar wani direba don ya ƙulla masa sharri. Na ajiye cokali. Abin da ya faɗo min a rai rigar ruwan nan ce. Auta, ranar da muka je gidan Baba Bitrus ko gajimare babu a sama. Ina da ido, na ga rigar, ban tambaya ba, saboda ina can ina kare girmana kada matar mai kifi ta taɓa min aljihu. Ko mai rahotonsa yake rufa wa asiri, ko so yake a rufe fayil, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Ɓarayin gaskiya kuwa ba a sake neman su ba.

Na tafi Kado neman mutumin. Rumfarsa wani ne a ciki. Kafin ya fito daga tsare an ba da wurin, shi kuma ba takardar da zai nuna. Na same shi a can gefen kasuwa, bakin kwata, da ɗan teburi da baho biyu. Na je da niyyar magana, na tsaya a gabansa cikin mayafi, bakina ya ƙi buɗuwa. Na ce a ba ni tarwaɗa. Tun daga ranar, duk ƙarshen wata sai na tsallaka daga Karu zuwa Kado. Kin sha yi min mita a cikin cunkoson hanya: "Umma, wai babu kifi ne a Karu?" Akwai kifi a Karu. Kowace tafiya da niyyar magana nake fita, in dawo da leda. Saratu ta rasu shekara uku da suka wuce, na je har gida na yi ta'aziyya, na zauna a ɗakin nan dai, na tashi ban faɗa ba. Wannan kuskuren ya fi sauran ci min rai. Idan kin zalunci mutum da kakinki, ki koma da ƙafarki ki faɗa masa da wuri, tun wanda za ki roƙa yana raye.

Maganarki ta wajen walima ce ta tashe ni. Jiya da safe na ɗauki mayafi na tafi. Yana hango ni ya washe baki, da Hausarsa da kika sani: "Madam! Na ji labari, yarinyanka ya zama babban oga! Kai, Allah Ya yi!"

Na ce, "Baba Bitrus, ba kifi na zo saya ba yau. Ni ce sajan ɗin da ta shiga ɗakinka."

Ya ci gaba da goge wuƙarsa. Ya ce, "Na sani tun ranar farko da ka zo, Madam. Saratu ne ya gane muryanka. Ya ce wannan mata kunya ne yake kawo shi, mu bar shi, wata rana zai faɗa."

Na zauna a kan wani bokiti da aka kife. Na faɗa masa komai, har rigar ruwan. Na roƙe shi gafara, na ce ya roƙa min a wurin 'ya'yan Saratu. Ya ce shi ya yafe tun tuni, a coci ma ya faɗa. Sai ya ajiye wuƙar ya dube ni ya ce, "Amma Madam, ni ban ɗauki waya ba."

Na ce, "Na yarda, Baba. Wallahi na yarda."

Mutumin nan ya sa gefen rigarsa ya rufe fuska. Ya ce kotu ta sake shi ne kawai, ba ta ce bai yi ba, har yau akwai masu nuna shi da baki a kasuwa. Duk shekarun nan ba ɗan sanda ɗaya da ya taɓa ce masa ya yarda. Muka zauna, tsohuwar sufeto da mai kifi, muna sharar hawaye a bakin kwata, masu sayayya suna kallonmu. Can sai ya fashe da dariya ya ce in tashi kada in kore masa kwastoma. Ya naɗe busasshiyar tarwaɗa manya guda huɗu ya ce a sa miki a jaka, ya ƙi karɓar ko sisi. Abu ɗaya ya roƙa: yana so ya gan ki cikin kaki kafin ki tafi.

Don haka gobe, idan ya taso daga coci, ki goge kakinki, ki ɗaura anininki, mu je tare, idan har kin yarda ki jera da ni bayan abin da kika karanta. Ki tsaya a gabansa ki gaishe shi da kyau. Kuma duk ƙofar da za ki ƙwanƙwasa a aikinki, ki ɗauka shi ne zai buɗe miki, da zane a kafaɗa, yana tambayar ki ina takarda.

Idan kin fito falo za ki ga na sauke takardar yabon. Babanki ya tambaye ni ko a cire ƙusar a shafe wurin da fenti, na ce a bar ta. Ranar da kika fita bincikenki na farko, waranti a hannu, kika ɗaga hannuwa matar gida ta laluba ki a gaban yaranki na aiki, ki kira ni ki faɗa min. Ko ba ku samu komai a ɗakin ba, ranar zan rataya hotonki a wurin, in kuma rangaɗa guɗar da sai an jiyo ta a bakin titi.

Allah Ya yi miki albarka, Auta. Ya tsare ki daga harsashi, da haɗarin hanya, da mugun abokin aiki, da zafin kan da kika gada a wurina. Ya sa hannunki kada ya taɓa zama sanadin kukan wanda bai ji ba bai gani ba. Ya kai ki lafiya, Ya dawo min da ke lafiya, da anini fiye da wanda kika tafi da shi. Amin, ya Rabbi.

Kifin yana ƙasan jakarki cikin jarida, kada ki ɗora kakin a kansa.

Na ƙame, na sara, ranki ya daɗe.

Ummanki